Yadda Ma'aikatan Karkara Za Su Riƙa Aiki Tare Ta Wayar Salula Ba Sai Sun Haɗu Ba

Duk ma'aikacin da ya taɓa zama a mazaɓar Tafoki cikin Ƙaramar Hukumar Faskari, ko a wani ƙauye na Ƙanƙara ko Sabuwa, ya san abin da takardar gayyatar taro take jawowa. Sai an nemi kuɗin mai ko na acaɓa, a bar asibiti ko makaranta a hannun mutum guda, sannan a yi sammako domin a dawo gida tun rana ba ta faɗi ba. Sau da yawa kuma abin da aka kira mutum a kansa bai wuce maganar minti goma ba. Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361, kuma a kowace mazaɓa akwai malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da malaman gona da masu unguwanni, waɗanda aikinsu ba ya tafiya sai da jin ta bakin juna. Matsalar tsaro ta ƙara wa irin wannan tafiya nauyi. A ƙarshen watan Agusta na 2021 har sai da gwamnatin jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta umarce su da su riƙa zagayawa ta Funtuwa.

Saboda haka ne muka ga ya dace mu yi wa jama'a bayani a kan hanyoyin da ma'aikatan da ke warwatse za su riƙa tattaunawa da yanke shawara ta wayar salula da yanar gizo. Abin ba baƙo ba ne. Tun a watan Agusta na 2001 wayar salula ta fara aiki a Nijeriya, kuma a ranar 13 ga Mayu, 2020, lokacin annobar korona, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta yi zamanta na farko ta hoton bidiyo ƙarƙashin Shugaba Muhammadu Buhari, inda yawancin ministoci suka halarta daga ofisoshinsu. Sai dai abin da ya yi wa minista daidai a Abuja ba lallai ya yi wa jami'ar lafiya daidai a Yankara ba. Mu a nan, abin da muka lura da shi shi ne buɗe zaure a waya ba shi da wuya. Wahalar tana wajen hana shi mutuwa bayan mako biyu.

Abin da aikin shan-inna ya koya mana

Ba sai mun je Turai neman misali ba, domin a gabanmu aka yi. Aikin rigakafin cutar shan-inna aiki ne na dubban mutane da ba sa ganin juna: masu ɗiga magani gida-gida, da masu duba su, da jami'an ƙananan hukumomi, da cibiyoyin kula da aikin a manyan birane. Daga wajajen 2012 aka zana taswirar garuruwa da rugage na jihohin Arewa, har da Katsina, ta hanyar hotunan tauraron ɗan'adam, sannan aka riƙa ba ayarin masu rigakafi wayoyin da ke nuna duk inda suka taka. Idan an ɗora sawunsu a kan taswira, sai a ga unguwar da aka shiga da wadda aka tsallake, a mayar da ayari can tun zagayen bai ƙare ba.

Rahotanni kuwa an riƙa cika su a wata manhaja mai suna ODK, wadda aka fara ƙirƙira a Jami'ar Washington ta Amurka a 2008. Fa'idarta a wurinmu ita ce ba ta buƙatar sabis lokacin cika fom. Ma'aikaci zai cika a ƙauyen da babu ko sanda ɗaya ta sabis, wayar ta adana, sai ya iso inda sabis yake ya tura. Akwai 'yar'uwarta, KoboToolbox, wadda ƙungiyoyin agaji suke amfani da ita a kan wannan tsari. Haka nan alƙaluman wata-wata na asibitocinmu suna shiga rumbun DHIS2, wanda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ta samar, inda jami'in ƙaramar hukuma da na jiha da na tarayya suke duba lissafi guda.

Wanda ya fi jan hankalinmu shi ne tsarin AVADAR, da aka fara gwadawa a Nijeriya a 2016. An raba wayoyi ga mutanen da jama'a suka fi kai wa yaro idan ƙafarsa ta saki, kamar masu maganin gargajiya da ungozomomi da masu shagon magani. Kowane mako wayar tana nuna musu ɗan gajeren bidiyo na alamomin cutar, ta tambaye su ko sun ga yaro mai irin wannan alama. Amsar tana tafiya ne a matsayin saƙon tes, ba sai da data ba. Kuma ko mutum bai ga kowa ba, wajibi ne ya amsa cewa bai gani ba. Wannan ƙa'ida ƙarama ce a ido, amma tana da nauyi, domin shiru yana iya nufin lafiya lau, yana iya nufin waya ta lalace, yana kuma iya nufin mutanen garin sun tashi. Sai mutum ya ce "babu" da bakinsa sannan hankali zai kwanta. A ranar 25 ga Agusta, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da ƙwayar shan-inna ta asali daga nahiyar Afirka. Ba wayoyi ne suka yi aikin ba, mutane ne, amma wayoyin sun sa na nesa ya san ana jiran amsarsa.

Kayan aikin da ke hannunmu

Mafi yawan ma'aikatanmu sun riga sun mallaki babban kayan aikin, wato WhatsApp. Tun 2013 yake da saƙon murya, wanda ya dace da mu ƙwarai, saboda dagaci ko shugaban ƙungiyar manoma da bai saba da rubutun boko ba zai iya faɗin abin da ke ransa da Hausarsa. Wanda ya fi sabawa da ajami yana iya rubutawa a takarda ya ɗauki hotonta ya tura. Masu rubutun boko kuma su sani cewa allon rubutu na Gboard yana da Hausa, da ɓ da ɗ da ƙ, don kada a rubuta "kasa" alhali "ƙasa" ake nufi. A 2022 aka ƙara damar jefa ƙuri'a a cikin zaure, aka kuma ba da damar haɗa zauruka da yawa a ƙarƙashin inuwa guda, ta yadda sashen lafiya na ƙaramar hukuma zai iya ware wa kowace mazaɓa nata zauren, ga kuma wurin sanarwa na bai ɗaya. Zaure guda yana ɗaukar mutum 1,024, kiran murya ko na bidiyo kuma mutum 32. Ba muna ba da shawarar a cika zaure ba ne. Da zarar mutane sun haura talatin ko arba'in, sai ka tarar 'yan kaɗan ne ke magana, saura sun koma 'yan kallo.

Domin zama na kai tsaye akwai Zoom da Google Meet. Na kyauta a Zoom yana yankewa bayan minti 40, na Google Meet kuma bayan awa ɗaya idan mahalarta sun kai uku. Mun taɓa halartar wani zama irin wannan inda shugaban taro ya fara da gaishe da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, kowa da sarautarsa, ya bi da tarihin sashen, yana cewa "yanzu sai mu shiga abin da ya tara mu" sai layi ya yanke. Rabin mahalarta ba su sake samun shiga ba.

Hoton bidiyo yana cin data ninki goma ko fiye a kan murya, kuma tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a watan Janairu na 2025, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne ga ma'aikaci mai ƙaramin albashi. A buɗe kyamara lokacin gaisuwa domin a ga fuskar juna, sannan a rufe. Kada kuma a manta da kiran haɗaka na waya zalla, wanda ko ƙaramar waya mai madannai tana yi: mutum ɗaya yana iya haɗa wasu biyar a layi guda, ba tare da data ba. Shugaban makaranta da malamansa, ko hakimi da dagatansa na kusa, sau da yawa wannan ya ishe su.

Akwai kuma takardar lissafi ta haɗin gwiwa, irin Google Sheets, inda kowa yake cika layinsa a takarda guda. Ta fi dacewa da jami'an hedikwata masu kwamfuta. Ga na ƙauye, fom ɗin ODK ko Kobo ya fi sauƙi.

Me ke kashe zaure, me ke raya shi

A nan ne maganar take. Zaurukan aiki da yawa da muka gani sun koma allon sanarwa: maigida ya turo umarni, mutum ashirin su rubuta "an gani, ranka ya daɗe," shi ke nan sai wani umarnin. Wasu kuma sun cika da gaisuwar Juma'a da hotunan biki da muhawarar siyasa, har idan malamin gona ya turo hoton tsutsa a gonar masara, kafin a ankara saƙo hamsin sun binne shi. Tsutsar nan mai cin masara, wadda aka fara gani a Nijeriya a 2016, ba ta jiran sai an gama gaisuwa. Kwanaki kaɗan na jinkiri suna iya zama bambanci tsakanin feshin da zai yi amfani da wanda ba zai yi ba, a yankin da masara take cikin manyan abin da ake nomawa.

Abu na farko da ke raya zaure shi ne amsa. Idan ma'aikaciyar asibiti a Tafoki ta ce firjin ajiye allurai ya daina sanyi, aka kwana biyu ba wanda ya tanka, ba za ta sake faɗa ba, kuma sauran da suka ga abin da ya faru su ma za su kama bakinsu. Ba dole ne amsar ta zama maganin matsalar ba. "Hajiya, mun ji, mun sanar da mai gyara, ki kai alluran asibiti mafi kusa kafin jibi" amsa ce cikakkiya. Ya kamata kowane zaure ya sa mutum guda wanda nauyinsa ne ya tabbatar ba a bar wata tambaya ta kwana ba.

Na biyu ya shafi al'adarmu. Mu mutane ne masu girmama na gaba, kuma abu ne mai kyau, amma a wurin shawara yana da illa: da zarar shugaba ya faɗi ra'ayinsa, ƙaramin ma'aikaci ba zai ce a'a ba, ko da shi ne ya san hanyar ba ta biyuwa da damina. A zaman ido da ido shugaba mai lura yana iya karanta fuska. A waya babu fuskar da zai karanta. Don haka shugaba ya jinkirta nasa ra'ayin, ya fara kiran na nesa da na ƙasa da sunansu: "Malam, kai da kake Ruwan Godiya, yaya abin yake a wurinku?" Wanda aka kira da suna zai yi magana. Wanda aka ce wa "ko akwai mai magana?" zai yi shiru. Haka nan mata ma'aikata, waɗanda da yawansu ba sa son katse maza a taro, a ware musu lokacinsu a kira su. Ƙuri'ar cikin zaure tana taimakawa wajen abubuwa kamar zaɓen ranar taro ko garin da za a fara aiki, amma a sani cewa a WhatsApp kowa yana ganin abin da kowa ya zaɓa. Idan magana ce mai nauyi da ake son ra'ayi na gaskiya, gara a yi amfani da fom wanda ba ya neman suna.

Saƙon murya shi ma yana da ladabinsa. Kada ya wuce minti ɗaya. Mai magana ya fara da sunansa da garinsa da abin da yake buƙata, sannan bayani ya biyo. Saƙon minti bakwai ba mai sauraronsa har ƙarshe, kuma ba a iya neman magana a cikinsa bayan wata guda. Saboda haka duk shawarar da aka yanke, sakatare ya rubuta ta a layi uku ko huɗu, wa zai yi me, zuwa yaushe, ya maƙala ta a saman zaure.

Ba muna cewa a hana raha ba. Ma'aikatan da ba sa dariya tare ba sa faɗa wa juna gaskiya. Minti biyar na farkon zama a bar su ga gaisuwa da tambayar iyali da labarin damina, kuma idan akwai Bafulatani da Babarbare a ayarin, ko Bakano da Bazazzagi, to a bar su su taɓa wasansu, zaman zai fi armashi. Abin da ya fi shi ne a buɗe zaure na biyu domin zumunci, a bar na aiki ga aiki. A riƙa kuma juya shugabancin zaman mako-mako, yau Daudawa, mako mai zuwa Mairuwa, domin wanda ya san zai jagoranci zama ba ya zuwa hannu rabbana. Lokaci kuwa a tsayar da shi guda, a kauce wa ranar kasuwa da lokutan salla, da damina kuma a kauce wa safiya.

Sannan a ɗauki darasin AVADAR: rana ɗaya a mako, kowa ya turo rahoto ko da kalma biyu ce, "Sheme, lafiya." Wanda ba a ji daga gare shi ba zuwa yamma, a kira shi.

Tsare sirri

A yankinmu wannan magana ce ta rai. Kada a taɓa rubuta ranar tafiya da hanyar da za a bi da adadin kuɗi ko kayan da za a ɗauka a cikin zaure mai mutane da yawa. Gaskiya ne tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke tsakanin mai aikawa da mai karɓa, amma kullewar ba ta hana wanda ke cikin zauren tura maganar waje, ba ta kuma hana wanda ya ƙwace waya karanta abin da ke cikinta. Jadawalin fita aiki a faɗa wa waɗanda abin ya shafa kaɗai, ta kira. Idan wayar wani ta ɓata ko aka ƙwace ta, a cire lambarsa daga zaure nan take, a mayar da shi idan ya dawo da layinsa. Mai kula da zaure ya riƙa bin jerin lambobi duk wata, ya cire waɗanda aka canza wa wurin aiki da duk lambar da ba a san mai ita ba, kuma kada a riƙa yaɗa mahaɗin shiga zaure barkatai.

Akwai wata damfara da ta yawaita: wani zai kira ka ya ce shi jami'i ne, za a yi taro ta yanar gizo, an turo maka lambobi shida, ka karanto masa domin a sa ka. Waɗannan lambobin mabuɗin WhatsApp ɗinka ne. Da zarar ka faɗa, ya ƙwace shi, ya shiga roƙon abokan aikinka kuɗi da sunanka. Babu taron da ake shiga ta wannan hanya. Kowa ya shiga saitin manhajar ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ya sa lambar sirrinsa.

Har ila yau, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa hukumomi da ma'aikatansu alhakin kare bayanan mutane. Hoton majinyaci, ko sunayen masu karɓar tallafi tare da lambobinsu na NIN da na asusun banki, ba kayan zaure ba ne. Labarin hari da ba a tabbatar ba kuma a miƙa shi ga jami'an tsaro da shugaban sashe, kada a watsa, domin jita-jita ɗaya tana iya tayar da gari.

Ranar da babu sabis

Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a tuna musu watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda aikin tsaro, ciki har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa da Funtuwa. Kafin nan an rufe na Zamfara, har mutanen Gusau suna zuwa Funtuwa domin buga waya, sai ga shi ita ma an rufe ta. Sai a watan Disamba aka fara mayar da layukan. A tsawon waɗannan watanni duk wani zaure ya yi tsit, kuma sassan da suka ci gaba da aiki su ne waɗanda ba su yar da rajistarsu ta takarda ba. Ko ba a rufe layi ba, turken sabis yana lalacewa, man janareto yana ƙarewa, hadari yana ɗauke sabis na kwana da kwanaki.

Don haka kowane sashe ya rubuta tsarinsa na ko-ta-kwana tun sabis yana nan: wane gari za a riƙa kai rahoton takarda, wace rana, a hannun wa, kuma wane ne zai fita da wayoyin da aka cika fom a cikinsu zuwa inda za a iya turawa. Masu unguwanni da dagatai da sanarwar masallaci da rediyo suna nan a matsayinsu, kuma ya kamata kowane ma'aikaci ya rubuta muhimman lambobi a littafi, kada ya dogara da ƙwaƙwalwar waya kaɗai. Batun caji ma a sa shi cikin lissafi. Asibitin da ke da sola yana iya ware soket ɗaya domin wayoyin aiki na mazaɓar, a ajiye littafin da za a riƙa rubuta wanda ya kawo da wanda ya karɓa.

Daga ƙarshe muna jan hankalin shugabannin sassa a kan mallakar zauren kansa. Sau da yawa ma'aikaci ɗaya ne yake buɗe shi da layinsa, idan aka yi masa canjin wurin aiki ko ya yi ritaya sai ya tafi da mabuɗin, a rasa mai iya sa sabon ma'aikaci ko cire tsoho. Kowane zaure na aiki ya kasance da masu kula aƙalla uku, ɗaya daga hedikwatar ƙaramar hukuma, biyu daga mazaɓu, kuma a sa sunan zauren da na masu kula da shi a cikin takardar miƙa aiki, kamar yadda ake sa makullan ofis da babur.